TARIHIN JIRGIN LILO: Fiye Da Shekara 200 Ana Koyon Tsorata Mutum Ba Tare Da An Halaka Shi Ba

Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Amma ku biyo ni a hankali, don daga waya labarin zai fara, kuma a kan waya zai ƙare.

A watan Satumbar 2022 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 14 da wata sabuwar fasaha. Idan ka yi haɗarin mota, wayar za ta gane da kanta, ta yi ƙara, in ba ka taɓa ta ba cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ta kira lambar agajin gaggawa ta faɗi inda kake. Ba a jima ba sai ma'aikatan agaji na wani yanki a jihar Ohio ta Amurka suka fara samun kira daga wuri ɗaya, wato wurin shaƙatawa na Kings Island. Muryar na'ura tana cewa mai wayar nan ya yi mummunan haɗari, a bayanta kuma ana jin ihun mutane. Da aka bincika, ba mota, ba haɗari. Mutane ne kawai suka hau jirgin lilo da waya a aljihu.

Jirgin lilo shi ne wanda Turawa ke kira rola-kosta. Na san ka sha ganinsa a TikTok ko Facebook: taragu a jere a kan siririn layin dogo, su hau can ƙololuwa a hankali, su sulalo a guje, su kife da mutane, kowa na salati ko kururuwa. Yawancinmu in mun gani abin da muke cewa shi ne, "Wannan ai ganganci ne, ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan hau ba."

To abin tambaya a nan, yaya aka yi abin da har waya ta ɗauka haɗarin mota ne, miliyoyin mutane suke hawansa duk shekara su sauka lafiya? Amsar tana cikin tarihinsa. In ka bi tarihin nan daki-daki za ka ga ba labarin gudu ba ne kamar yadda ake zato. Labarin birki ne da taya. Duk lokacin da aka ƙara tsayi ko gudu, sai ka tarar wani ne ya riga ya gano dabarar da za ta hana jirgin barin hanya, ko komawa da baya, ko karo da ɗan'uwansa.

DA FARKO: BA SHI DA INJI

Wannan shi ne abin da ke ba mutane mamaki. Jirgin lilo na gargajiya ba shi da inji a jikinsa ko kaɗan. Sarƙa ce ke jan sa zuwa saman tudun farko, daga nan a sake shi. Duk gudun da za ka ga ya yi har ya dawo tasha, nauyinsa ne da gangara suke tafiyar da shi, kamar direban da ya saka mota a firi a Hawan Kibo. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Shi ya sa a irin wannan jirgi tudun farko ya fi sauran tsayi. Ƙarfin da ya tara a hawan farko shi zai yi ta ci har ƙarshe, iska da gugar tayoyi suna rage masa kaɗan-kaɗan. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

TUDUN ƘANƘARA A RASHA

Asalin abin daga Rasha ne, tun ƙarni na 17. A lokacin sanyi sukan kafa dogon dandamali na katako mai gangara, tsayinsa kan kai mita 20 ko fiye, su yi ta zuba masa ruwa har ya daskare ya zama ƙanƙara. Mutum ya hau ta matakala, ya zauna a kan ɗan abin sulu, ya sulalo. A ƙarshen hanyar sai a zuba yashi don ya rage gudun. Ka ga birki na farko ke nan a wannan tarihi: yashi.

Wasan ya samu karɓuwa har a fada. A ƙarni na 18 Sarauniya Katarina ta sa an gina mata tudun sulu a fadarta ta Oranienbaum kusa da birnin St. Petersburg, da kekuna masu taya, don a riƙa yi ko a lokacin da babu ƙanƙara.

Daga nan abin ya tsallaka Faransa. A 1817 aka buɗe irinsa a birnin Paris, da taragu masu tayoyi da aka maƙala a jikin hanyar don kada su kauce. Har yau Faransawa "duwatsun Rasha" suke ce wa jirgin lilo da harshensu. Wani abin dariya kuma, su mutanen Rasha "duwatsun Amurka" suke ce masa. Kowa ya jingina wa wani. Me ya kawo Amurka cikin zancen? Ga shi nan tafe.

JIRGIN KWAL DA ALFADARAI

A 1827, a jihar Pennsylvania ta Amurka, wani kamfanin haƙar kwal ya shimfiɗa layin dogo mai tsawon kusan kilomita 14, daga mahaƙarsa da ke kan dutse a Summit Hill zuwa garin Mauch Chunk da ke bakin kogi. Ba don wasa aka yi shi ba. A loda kwal a taragu, a sake su su gangaro da kansu, mutum ɗaya yana riƙe da birki. Alfadarai ne ke jan taragun su mayar da su sama, kuma in za a sauko, su ma alfadaran a tarago ake zuba su su sha gangara.

Daga baya aka sa injin tururi ya riƙa jan taragun da igiya zuwa saman dutsen. Sai wata sabuwar matsala ta taso: in igiyar ta tsinke ana tsakiyar hawa fa? Sai aka shimfiɗa wani ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layin, aka sa wa tarago wani ɗan harshen ƙarfe da ke bin haƙoran nan. In gaba ake yi, harshen tsallake su yake yi ɗaya bayan ɗaya. In tarago ya ce zai koma baya, sai harshen ya cije a haƙori, ya tsaya cak. Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san wannan dabarar: ita ce ke sa ƙafar baya ta riƙa ƙas-ƙas-ƙas in ka daina taka feda.

Saboda haka in kana kallon bidiyon jirgin lilo yana hawa tudu ka ji wannan ƙarar, ba lalacewa ya yi ba. Abin da ke tsare ran mutanen ciki ne kake ji.

A 1872 aka huda wani rami a cikin dutse, kwal ya samu hanya mafi sauƙi. Maimakon a yar da tsohon layin, sai aka mai da shi na 'yan yawon buɗe ido, mutane suna biyan kuɗi a gangaro da su. Haka aka yi ta yi har farkon shekarun 1930.

CONEY ISLAND: INDA ABIN YA ZAMA SANA'A

In ana maganar wurin da ya raini jirgin lilo, to Coney Island ne, wata unguwa a bakin teku a birnin New York, inda ma'aikata da iyalansu ke zuwa shan iska ranar hutu.

Ranar 16 ga Yunin 1884 wani mutum mai suna LaMarcus Thompson, wanda a da sana'ar saƙa safa yake yi, ya buɗe jirginsa a can, mai suna Switchback Railway. Kada ka zaci wani abin tashin hankali ne. Tsawon hanyar kusan mita 180 ne, gudunsa kuwa bai wuce kilomita 10 a awa ba, mai keke ma zai wuce shi. Ka hau hasumiya da ƙafarka, ka zauna a benci, a tura ku, ku gangara zuwa ɗaya hasumiyar, ma'aikata su tura taragon da hannu su sauya masa layi, ku dawo. Kuɗin hawa santi 5. Amma duk da haka mutane suka yi ta layi, Thompson yana tara ɗaruruwan daloli a rana.

Ka san halin kasuwa, da an ga abu na kawo kuɗi sai kowa ya shigo. Nan da nan wasu suka yi mai hanya zagayayya wadda ke dawowa inda ta fara. A 1885 Phillip Hinkle ya yi wanda inji ke ja zuwa saman tudu, ba sai an tura da hannu ba. Cikin shekara biyu siffar jirgin lilon da muka sani yau ta fito.

DA'IRAR DA TA RIƘA JI WA MUTANE CIWO A WUYA

A 1895, a Coney Island ɗin dai, aka buɗe Flip Flap Railway, wanda ke kifewa da mutane a cikin da'ira mai faɗin kusan mita 7 da rabi. Mutane ba sa faɗowa, kamar yadda in ka cika guga da ruwa ka wulwula shi da sauri, ruwan ba ya zuba ko da gugan ya kife a sama. Wannan ɓangaren ya yi daidai. Matsalar a wani wuri take.

Bari mu yi bayanin wani ma'auni da ake kira g. Yanzu da kake zaune kana karanta wannan rubutu, g 1 kake ji, wato nauyinka na yau da kullum. In jirgi ya sha kwana da gudu har ka ji g 4, jikinka zai ji kamar nauyinka ya ninka sau huɗu. Mai kilo 60 zai ji kamar kilo 240 ne aka danna a kujera. Jini ya riƙa sauka ƙafa, ido ya fara dishi-dishi. Jiragen zamani ba su cika wuce g 4 zuwa 5 ba, shi ma na ɗan lokaci ƙanƙani.

To da'irar Flip Flap zagayayya ce sosai kamar faifai. Kafin tarago ya iya kaiwa samanta bai tsaya ba, dole ya shigo da gudu mai yawa, kuma a lissafi, a irin wannan da'irar ko da mafi ƙarancin gudu aka shigo, sai mutum ya ji g 6 a gindinta. Na Flip Flap an ƙiyasta yana kaiwa g 12. Ga shi kuma lokaci ɗaya nauyin ke faɗo wa mutum, daga miƙaƙƙiyar hanya kai-tsaye cikin da'ira. Mutane suka riƙa sauka da ciwon wuya da na baya. A 1902 aka rufe shi.

Wani injiniya, Edwin Prescott, ya gyara siffar da'irar a nasa jirgin mai suna Loop the Loop a 1901, ya sa ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Ya fi daɗin hawa, amma mutum kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, 'yan kallo sun fi masu hawa yawa, bai kawo riba ba. Daga nan aka jingine maganar kifewa da mutane na tsawon shekaru masu yawa.

TAYAR DA TA CANZA KOMAI

In za ka riƙe suna ɗaya a wannan tarihi, riƙe John Miller. Tun yana saurayi ya fara aiki a ƙarƙashin Thompson, kuma ya yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire sama da 100, yawancinsu na kariya ne.

Kafin shi, tarago a kan layi kawai yake zaune, da wasu tayoyi a gefe da ke hana shi kaucewa dama ko hagu. Babu abin da ke hana shi tashi sama. In ya haye ƙaramin tudu da gudu, zai iya ɗagawa ya bar layin. Don haka dole a yi gangara mai sauƙi, wasu jiragen ma har da mai birki a ciki, yana zaune tare da fasinjoji yana rage gudu da hannu. Har gobe akwai irinsu da ke aiki: na Luna Park a birnin Melbourne na Ostireliya, wanda aka buɗe a 1912, da na lambun Tivoli a Kopenhagen, babban birnin Denmark, na 1914.

A 1919 Miller ya yi rajistar tayar ƙarƙashi. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Taya kashi uku ce: ɗaya a saman layi tana ɗauke da nauyi, ɗaya a gefe tana hana kaucewa, ɗaya a ƙarƙashin layi tana hana tashi. Wato tarago ya damƙe layin kamar yadda hannunka ke damƙe sanda. Ko an kife shi, ba inda za shi. In ka samu bidiyon jirgin lilo, tsayar da shi ka zuƙo hoton wajen tayoyin, za ka ga ukun nan. Fiye da shekara 100 ke nan ba a sauya wannan tsari ba.

Da aka samu wannan taya sai magina suka saki jiki. Shekarun 1920 suka zama lokacin da jirgin lilo ya fi tashe, a Amurka kaɗai sun haura 1,000. A cikinsu ne aka buɗe Cyclone a Coney Island ranar 26 ga Yunin 1927: tsayi mita 26, gangarar farko mai kusan digiri 60, gudu kusan kilomita 97 a awa, kuɗin hawa santi 25. Kwatanta da na Thompson mai kilomita 10 a awa, a unguwa ɗaya, shekara 43 kacal a tsakani.

FAƊUWA DA TASHI

Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, Yaƙin Duniya na Biyu ya biyo baya, daga baya kuma talabijin ta zaunar da mutane a gida. Wuraren shaƙatawa suka yi ta rufewa, aka rushe ɗaruruwan jirage, wasu gobara ta cinye su tunda katako ne. Shi kansa Cyclone saura ƙiris a rushe shi a shekarun 1970, don a faɗaɗa gidan kifayen da ke maƙwabtaka da shi. Mutanen gari suka tashi tsaye suka hana. A 1988 birnin New York ya sa shi cikin kayan tarihin da doka ta kare, kuma har yanzu ana hawansa.

Farfaɗowar ta fara ne daga Disneyland a jihar Kalifoniya. A 1959 suka buɗe Matterhorn, wanda kamfanin Arrow ya ƙera masa layi da bututun ƙarfe maimakon katako. Amfanin bututu shi ne ana iya lanƙwasa shi ta kowace fuska, ga tafiya sumul ba jijjiga. A 1972 kuma Kings Island, wurin nan da muka fara labari da shi, ya buɗe wani na katako mai suna The Racer, wanda ya sake cusa wa Amurkawa son abin.

Da bututun ƙarfe ya samu, sai aka koma kan tsohuwar matsalar da'ira. Wasu Jamusawa biyu, injiniya Werner Stengel da maƙeri Anton Schwarzkopf, su suka warware ta a jirgin Revolution da aka buɗe a Magic Mountain a 1976. Da'irarsu ba zagayayya ba ce, ta fi kama da ɗigon ruwa da aka juya: lanƙwasar tana farawa a hankali daga ƙasa inda gudu ya fi yawa, ta matse a sama inda gudu ya ragu. Ta haka nauyi ke shigar mutum sannu-sannu, ba ya faɗo masa lokaci ɗaya. Duba kowane hoto na jirgin zamani, za ka ga da'irar ba ta cika zagaye ba. Darasin wuyan mutanen 1895 ne.

GASAR TSAYI DA GUDU

Daga nan sai gasa. A wurin shaƙatawa na Cedar Point da ke Ohio, Magnum XL-200 ya kai mita 62 a 1989, Millennium Force ya kai mita 94 a 2000. A 2005 Kingda Ka a jihar New Jersey ya kai mita 139. Shi wannan ba sarƙa ke jan sa ba, harba shi ake yi daga tsaye, ya kai kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa 3 da rabi. An rufe shi a 2024, aka rushe shi a farkon 2025.

Gasar ta koma ƙasashen Larabawa. Masu zuwa Dubai, in kun ƙarasa Abu Dabi akwai Formula Rossa a Ferrari World, wanda aka buɗe a 2010. Yana kaiwa kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5, har sai an ba kowa tabarau ya saka, don a wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙwaro na iya ji wa ido ciwo. Saudiyya ma ta gina nata a Qiddiya kusa da Riyad, mai suna Falcon's Flight, wanda aka tsara ya kai kilomita 250 a awa a kan layin da ya wuce kilomita 4.

Yawancin sababbin jirage masu harbawa da maganaɗisu suke aiki. Ana jera maganaɗisun lantarki a kan layi, kwamfuta tana kunna su ɗaya bayan ɗaya, suna fizgar jirgin gaba. An fara amfani da irin wannan a 1996, kuma Kings Island na cikin wurare biyun farko.

TO IN AKA ƊAUKE WUTA FA?

Na san wannan tambayar tana ranka, don mu nan mun san halin NEPA. Ka tuna mun ce ba shi da inji? In wuta ta ɗauke yana hawa tudu, sarƙa ta tsaya, harshen ƙarfen nan ya cije, jirgi ya tsaya inda yake. In kuma ya riga ya wuce tudun, ba ruwansa da wuta, gangara za ta kai shi har wurin birki.

Shi kuma birkin a kan layi yake, ba a jikin jirgi ba, kuma an yi shi ne a juye: a rufe yake zaune, sai an ba shi umarni yake buɗewa. In wuta ta yanke, rufewa zai yi. Akwai kuma birkin maganaɗisu, inda wani faranti na ƙarfe ke ratsawa tsakanin maganaɗisai masu ƙarfi, gudun ya ragu ba tare da komai ya taɓa komai ba. Irin wannan maganaɗisun ba ya buƙatar lantarki.

Sai kariya ta ƙarshe, wato tsarin zango. Ana raba layin gida-gida, kowane zango da wurin tsayar da jirgi a ƙarshensa, da sensa da ke gaya wa kwamfuta inda kowane jirgi yake. Dokar guda ɗaya ce: jirgi biyu ba sa haɗuwa a zango ɗaya. In na gaba bai fita ba, na baya ba zai shiga ba. Don haka yawancin bidiyon da ake yaɗawa na jirgi ya tsaya da mutane a saman tudu, ana rubuta "sun tsallake rijiya da baya", ba lalacewar kariya ba ce. Kariyar ce ta yi aikinta. Kwamfuta ta ga abin da ba ta gamsu da shi ba, ta tsayar da komai.

AMMA FA ANA YIN HAƊARI

Kada in bar ka da tunanin cewa ba a taɓa samun matsala ba. Ana samu, kuma in ka duba za ka ga galibi ba dabarar ce ta gaza ba, mutane ne suka yi sakaci.

Ranar 30 ga Mayun 1972, a wurin wasa na Battersea da ke Landan, igiyar da ke jan wani tsohon jirgin katako ta tsinke. Abin da ya kamata ya hana shi komawa baya bai kama ba. Jirgin ya sulalo da baya, yara 5 suka rasu, wasu 13 suka ji rauni. Dabarar da aka sani tun zamanin jirgin kwal, rashin kula ya sa ba ta yi aiki ba ranar da ake buƙatarta.

Ranar 2 ga Yunin 2015 kuma, a Alton Towers da ke Ingila, an saki wani tarago ba kowa a ciki don gwaji a jirgin The Smiler, ya maƙale a tsakiyar hanya. Kwamfuta ta gani, ta tsayar da taragon da ke biye, mai ɗauke da mutum 16. Ma'aikata suka ɗauka kuskure kwamfutar ta yi, suka danne gargaɗin suka sake shi. Ya je ya yi karo da wanda ya maƙale. 'Yan mata biyu sai da aka yanke wa kowaccensu ƙafa. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Na'ura ta ce a tsaya, mutum ya ce a tafi.

A 2023 kuwa waya ce ta yi rana. Wani da ya kai iyalinsa wurin shaƙatawa na Carowinds a Amurka ya hango tsagewa a jikin ɗaya daga ginshiƙan jirgin Fury 325, ya ɗauki bidiyo yadda ƙarfen ke motsi duk lokacin da jirgi ya wuce, ya kai rahoto. Aka rufe jirgin har sai da aka sauya ginshiƙin.

ABIN DA YA SHAFE KA

Mu nan ba mu da irin waɗancan manyan, amma da Sallah wuraren wasan yara cika suke maƙil, kuma lilon da ke cikinsu ƙarfe ne da inji, yana buƙatar kulawa iri ɗaya. Rigakafi ya fi magani:

1. Kafin ka ɗora yaro, tsaya ka kalli zagaye ɗaya ko biyu. Ma'aikaci yana bi yana jijjiga ƙarfen kariyar kowace kujera, ko kuɗi kawai yake karɓa?

2. In ka ga tsatsa ta ci ginshiƙi, ko an ɗaure wani abu da waya ko igiya, ko ana cusa yara fiye da kujerun, ka haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

3. Dokar tsayi ba wulaƙanci ba ce. An auna ƙarfen kariya ne da girman jiki, yaron da bai kai ba zai iya zamewa ta ƙarƙashinsa. Kada ka roƙi alfarma.

4. A tattare mayafi, dogon hijabi da babbar riga sosai, kada wani abu ya riƙa lilo kusa da taya ko sarƙa.

5. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu, su yi kallo daga ƙasa.

6. Kada ka fito da waya don ɗaukar bidiyo ana cikin gudu. In ta suɓuce, dutse ce ka jefi na bayanka da ita. Wasu wuraren a Amurka har na'urar binciken ƙarfe suka sa a bakin layi saboda wannan.

GWADA DA WAYARKA

Mu koma inda muka fara. Abin da ya ruɗi iPhone 14 shi ne, alamomin da take dubawa, wato gudu, tsayawa farat ɗaya, jujjuyawa da ƙara mai ƙarfi, kusan duk suna nan a jirgin lilo. Daga baya Apple ya fitar da sabuntawa don rage irin wannan kuskure.

Sensar da ke auna wannan motsi tana cikin wayarka kai ma, ko Android ce. Ita ce ke juya allo in ka kwantar da wayar. In kana son ganin aikinta, sauke manhajar phyphox, kyauta ce, wata jami'a a birnin Aachen na Jamus ta yi ta. Buɗe wurin auna motsi mai haɗe da g, ka ajiye wayar a kan tebur. Za ka ga lamba kusan 9.8, wannan shi ne g 1. Sai ka riƙe ta a cikin lif, ko kana zaune a mota wani yana tuƙi, ka ga yadda lambar ke hawa da sauka. Ninka 9.8 ɗin nan sau 12 a ranka, ka tuna mutanen da suka biya kuɗinsu suka hau Flip Flap.

To jama'a, a cikinku wa ya taɓa hawa, kuma a ina? Wa kuma ya ce ko a mafarki ba zai hau ba? Ku faɗa mana a ƙasa. Ku tura wa iyayen yara kafin Sallah ta zo. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.